Aji huɗu ne a rajista, amma fiye da rabinsu ba sa iya karatu: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wata makarantar firamare a unguwar Hausawa a Gadarif, a ƙasar Sudan. Tun da aka sake buɗe makarantu bayan dogon rufewar da yaƙi ya jawo, ajinmu na huɗu yana da yara 74, daga ɗan shekara 9 har mai 14, da yawansu waɗanda suka gudo ne daga Madani da Sinja da Hartum. Fiye da rabinsu ba sa iya karanta layi ɗaya a littafin Larabci. Majalisar iyaye ta tara ɗan kuɗi. Wasu sun ce a sayi kwamfutocin hannu, wasu sun ce littattafai, wasu kuma sun ce a mayar da raunanan aji biyu. Me masu binciken ilimi suka gano a kan irin wannan hali?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Kada a sayi komai tukuna, kuma kada a mayar da kowa baya. A fara gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, a raba su bisa abin da kowa ya iya, sannan a ware awa ɗaya kullum a koya wa kowane rukuni daga inda ya tsaya. Sauran bayanin duk a kan yadda ake yin wannan ne, da wuraren da yake lalacewa.

Akwai dalilin gaggawa. A watan Oktoban 2005 girgizar ƙasa ta auka wa arewacin Pakistan, makarantun yankin suka yi kimanin mako 14 a rufe. Da masu bincike suka koma bayan shekara huɗu, sai suka tarar yaran da ke kusa da inda abin ya faru sun yi baya da abin da ya kai karatun shekara ɗaya da rabi. Wata uku aka rasa, amma giɓin ya ninka sau da yawa. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne malamai sun dawo sun ɗora daga shafin da manhaja ta ce, yaran kuwa ba a nan suke ba, don haka kowane sabon darasi ya zama gini a kan rami. Yaƙin Sudan ya ɓarke ne ranar 15 ga Afrilun 2023, kuma yaranki da yawa sun fi shekara ba su zauna a aji ba. In aka bi su da littafin aji huɗu shafi bayan shafi, ramin zai ƙara zurfi ne alhali kowa yana zufa.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai takarda ɗaya. Salon ya fito ne daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda ke amfani da shi gida-gida tun 2005. A raba takardar gida huɗu: haruffa 10, kalmomi 10 masu sauƙi, sakin layi mai gajerun jimloli 4 daidai da ƙarfin ɗan aji ɗaya, da labari mai jimla 8 zuwa 10 daidai da ɗan aji biyu. A sa wa komai cikakken wasali, da babban rubutu. Ana farawa daga sakin layin. In yaro ya karanta shi kamar mai magana, bai yi kuskure fiye da uku ba, a hau da shi labari. In ya kasa, a sauko kalmomi: ya zaɓi biyar, ya ci huɗu. In nan ma ya kasa, a sauko haruffa da irin wannan sharaɗi. Daga nan kowane yaro zai faɗa ɗaya daga cikin matakai biyar: mafari, harafi, kalma, sakin layi, labari. Minti biyar ya ishi yaro ɗaya, wani biyar ɗin kuma na lissafi. Yara 74 awa goma sha biyu ke nan da 'yan mintuna, wato malamai huɗu za su gama cikin safiya biyu.

Ga inda ake ɓata shi. Na farko, ɗauko rubutun daga littafin makaranta ko daga gajerun surori. Yaranmu gwanayen hadda ne, yaro zai zubo miki shafi sumul idonsa yana kan rufin kwano. Malamai su rubuta sabon abu da kansu, a kan akuya, ko kasuwa, ko ruwan sama. Na biyu, layin masu jira yana jin abin da na gaba ya karanta, kafin a zo kan na goma ya haddace. A shirya takarda iri uku masu nauyi ɗaya, a zauna nesa da layin. Na uku, tausayin malami: ya motsa leɓe, ya fara wa yaro gaɓar farko, ya rubuta shi a matakin da bai kai ba. Wannan cutar da yaron ne, domin za a kai shi rukunin da ba zai tsinci komai ba. A ajiye bulala, kada kuma a kira abin jarrabawa. Yaron da ya baro gidansu cikin ƙarar harsashi ba ya buƙatar wani abin tsoro da sassafe.

Ki ƙara abu ɗaya da yanayinku ke buƙata. Duk wanda ya karanta labarin, a yi masa tambaya biyu da baki a kan abin da ya karanta, a bar shi ya amsa da Hausa ko da Larabcin titi. Za ki ga wani kashi ya ɓullo, galibi yaran da suka yi makarantar allo, wadda a nan ake kira halwa: suna furta rubutu mai wasali daidai, amma ba su san abin da suka faɗa ba. Cuta biyu ce daban. Wani bai iya fasa rubutu ba, wani ya iya amma bai san yaren ba, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A lura da wani ƙaramin tarko ga wanda ya yi karatun allo da rubutun Warshu irin na gida: a can harafin fa yana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf tana da ɗigo ɗaya a sama. A littafin makaranta kuwa ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf ɗigo biyu gare ta. Yaron zai riƙa karanta fa a matsayin ƙaf, malamin da bai san dalili ba ya ce masa daƙiƙi. Minti goma na bayani ya isa a warware wannan.

Bayan gwaji sai rabo. Ya fi kyau a haɗa aji uku da huɗu da biyar a wannan awa, a manta da sunan aji, kowa ya tafi rukuninsa. In malamai ba su da yawa, rukuni uku ya wadatar: mafari da harafi wuri ɗaya, kalma wuri ɗaya, sakin layi da labari wuri ɗaya. Malamin da ya fi kowa haƙuri da gwaninta shi za a ba na ƙasa, kuma rukuninsa ya fi na kowa ƙanƙanta, kada ya wuce 25 zuwa 30 in da hali. A makarantu da yawa akasin haka ake yi, gwani ya tafi wurin masu ƙoƙari, a bar wa sabon shiga waɗanda suka fi bukata. Kada a sa wa rukunoni sunan da ke nuna daraja, sunayen itatuwa ko launuka sun isa. Budurwa 'yar shekara 14 da ta faɗo matakin harafi kada a zaunar da ita tsakiyar 'yan shekara 9, a yi wa manyan da'irarsu a gefe. Sukan yi saurin wucewa in an rufa musu asiri.

Wannan tsari, wanda ake kira koyarwa daidai da matakin yaro, yana cikin abubuwan da aka fi gwadawa a binciken ilimi, kuma tarihin faɗuwarsa ya fi na nasararsa amfani gare ki. Tsakanin 2008 da 2010 an gwada shi a jihohin Bihar da Uttarakhand na Indiya. An horar da malaman gwamnati, an ba su kayan aiki, aka bar su su saka shi cikin darasinsu na yau da kullum. Kusan babu abin da ya canja, domin da suka koma aji sai suka koma wa manhaja, ita ce abin da ake tambayarsu a kai. A 2012 aka sake a jihar Haryana da gyara biyu: an yanka awa guda a jadawali ta wannan aiki kaɗai, an kuma sa jami'an da suka fara koyar da shi da hannunsu su riƙa zagayawa. Sai karatun yara ya tashi. A Uttar Pradesh kuma, a 2013 zuwa 2014, an yi shi a dunƙule, zangon kwana 10 ko 20, jimilla kimanin kwana 50. Da farko kashi 15 cikin ɗari ne ke iya karanta sakin layi ko labari. A ƙarshe kusan rabin yaran da suka shiga sun iya, a makarantun da ba a yi ba kuwa kimanin ɗaya cikin huɗu. Masu wannan bincike, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, tare da Michael Kremer, su ne suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Ga mai cewa Larabci daban ne, Maroko ta fara shi a makarantun firamare sama da 600 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, ta haɗa da shiryayyun darussa ga malamai, kuma sakamakon shekarar farko ya yi ƙarfi har aka faɗaɗa shi. Wasu iyaye za su ce raba yara zai danne raunana. An auna wannan a makarantu 121 a yammacin Kenya, aka ga na sama da na ƙasa duka sun amfana da rabon.

Awar ta kasance da safe, bayan an watse daga layi, kafin hutun karin kumallo. In aka tura ta ƙarshen yini, rana ta take, ciki ya ɗauka, rabin yara sun sulale. Kuma ta kasance cikin jadawali, ba ƙari a kansa ba. Malamin da albashinsa ba ya zuwa a kan kari ba za a ɗora masa awa ta bakwai a sa ran ɗorewa ba.

Ga yadda awar take a rukunin ƙasa. Minti 10 na farko hira ce a kan hoto ko ɗan labari da malami zai karanta da Larabci mai sauƙi, yara su faɗi abin da suka ji. Minti 15 sabon harafi. Minti 15 haɗa gaɓoɓi da kati. Minti 10 shifta a ƙananan alluna. Minti 10 na ƙarshe kowa ya karanta layi ɗaya shi kaɗai, malami yana zagayawa yana saurare.

Kada a bi jerin alif, ba, ta, sa. Jerin yana tara haruffa masu kama da juna a mako ɗaya, ب da ت da ث, sannan ج da ح da خ, bambancinsu ɗigo ne kawai, sabon ido kuwa ba ya ganin ɗigo. A fara da haruffan da suka yawaita a kalmomi, siffarsu ta bambanta, sautinsu kuma akwai shi a bakin Bahaushe: mim, lam, ba, ra, dal, sin, kaf, tare da wasula uku da alif na ja. Masu kama da juna a raba su da aƙalla mako guda. Haruffa uku ko huɗu a mako, 28 ɗin za su ƙare cikin mako takwas zuwa tara. Kowane harafi a koyar da shi da sautinsa da wasalinsa nan take, ba, bi, bu, a kuma nuna siffarsa a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe a rana ɗaya, domin yaro da yawa ya san ع a tsaye amma ba ya gane ta in ta shiga tsakiya. Tsarin allo na gama babbaƙu kafin a shiga farfaru yana da hikimarsa, kuma sunaye irin su ba guje da ɗamisa hannu suna taimaka wa yaro ya riƙe siffa. Sai dai sunan harafi ba ya haɗa kalma, sauti ne ke haɗawa. Da ba da mim da lam da alif kaɗai, a ƙarshen makon farko yaro zai karanta باب da مال da kansa. Ranar da ya fasa kalmar da ba wanda ya faɗa masa, ki duba fuskarsa.

Haruffa masu nauyi a bar su sai mako na biyar zuwa sama. A nan yaranki suna fama da hawa biyu. Kunnen Hausa yana jin س da ص da ث duk sa ne, ز da ذ da ظ duk za ne, ه da ح da خ duk ha ne. Larabcin titi kuma yana mayar da ƙaf ga, yana mayar da ث ta a kalmomi irin su talata, ذ kuma da a kalma irin dahab. Don haka kuskuren shifta a waɗannan haruffa ba sakaci ba ne. Maganinsa tagwayen kalmomi: سيف takobi da صيف bazara, تين ɓaure da طين laka, قلب zuciya da كلب kare. Malami ya faɗi ɗaya, yara su ɗaga katin da suka ji. A lokacin gwaji kuwa, in yaro ya gane harafin amma lafazinsa ya karkata, kada a ƙirga masa kuskure.

Babban abin da ke ɓoye marasa karatu shi ne amshi. Malami ya faɗa, aji ya ɗauka da ƙarfi, mai wucewa ya ce ana karatu. A cikin 74 wataƙila goma ne ke kallon allo, sauran suna bin baki. Amshi yana da wurinsa, amma a tsakiya: malami ya yi su gani, a yi tare sau biyu, sannan kowa ya yi shi kaɗai. Mataki na ukun ne ake tsallakewa, shi ne kuma karatun. A nuna kalmomi a hargitse, ba bisa jerin da aka saba ba. A rubuta sunayen yara a tsinke a zuba a gwangwani, wanda aka zaro shi zai amsa, maimakon masu ɗaga hannu biyar ɗin nan na gaba. In an yi shifta kowa ya ɗaga allonsa lokaci ɗaya, malami ya ga ajin duka cikin daƙiƙa goma.

Sai maganar yare, wadda ita ce ta raba makarantarki da ta wani gari. Yaron unguwarku yana jin Hausa a gida, Larabcin Sudan a titi, fusha, wato daidaitaccen Larabci, a littafi. A gida ruwa, a titi moya, a littafi ma'un. Bincike ya daɗe da nuna cewa yaro ya fi saurin koyo da yaren da ya sani. A Najeriya ma an gwada tun 1970 a Ile-Ife ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, suka fi takwarorinsu, kuma Turancinsu bai raunana ba. Ke ba ki da ikon canja yaren manhaja, jarrabawa ma da Larabci za a yi ta. Abin da ke hannunki shi ne ki halatta Hausa a matsayin gada, ki hana dukan yaro ko yi masa dariya don ta kuɓuce masa. Kalmomi biyar sababbi a rana: a nuna abin ko hotonsa, a faɗi Larabcinsa, yaro ya faɗi ma'anarsa da Hausa, sannan ya sa kalmar a jimlar Larabci. In a rukunin akwai waɗanda ba Hausawa ba, Larabcin titi ya zama gadarsu.

Bahaushe yana da jari a nan wanda malamai ba su cika taɓawa ba. Alƙalami da ƙalam, allo da lauh, sabulu da sabun, albasa da basal, labari da khabar, ranakun mako, ashirin har zuwa casa'in, duk dangin juna ne. Nahawu ma haka: littafinka da littafinki su ne kitabuka da kitabuki, yana da tana su ne ya da ta na yaktubu da taktubu. Yaron da aka nuna wa wannan sau ɗaya ya daina ganin Larabci baƙo. Amma a gargaɗe shi a wuri biyu. Na a Hausa ni ce, na ta naktubu kuwa mu ce. Jinsin suna kuma ba kullum yake dacewa ba, ƙofa mace ce, bab namiji.

Rukunin sama aikinsu sauri da fahimta. Wanda ke jan kalma ɗaya daƙiƙa biyar, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Masana kan ambaci kalma 45 zuwa 60 a minti a matsayin saurin da fahimta ke samuwa, ko da yake a Larabci a sassauta kaɗan, tunda kalma guda kamar wakitabuhum tana ɗauke da abin da Hausa za ta ce da littafinsu. Su karanta gajeren labari ɗaya sau uku, biyu-biyu, ɗaya yana karatu ɗaya yana bi da yatsa, sannan su ba da labarin da bakinsu, su rubuta jimla biyu. Wasali kuma a janye shi a hankali: cikakke da farko, sannan a kan kalmomi masu rikitarwa kaɗai. Yaro da yawa yana faɗuwa ne daidai ranar da aka miƙa masa rubutu tsirara ba shiri.

Lissafi ma matakai ne: gane lamba 1 zuwa 9, gane 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro, sannan rabawa. Kayan aikinsa karan dawa ne, wanda Gadarif ba ta rasa ba. A yanka shi tsawon yatsa, a ɗaure goma-goma da roba. Ki ba yaro 52 a ɗebe 27 a takarda, da yawa za su rubuta 35, domin sun ga 2 ba za ta ba da 7 ba sai suka juya suka cire ƙarami daga babba. Yanzu ki ajiye masa dami biyar da tsinke biyu, ki ce ya ba ki bakwai. Zai tsaya, ya duba, sannan ya kwance dami ɗaya da hannunsa, tsinke ya zama 12, dami ya koma huɗu. Aro ke nan, ya gan shi da idonsa. Sai an yi haka sau da yawa kafin a koma alƙalami. A kula kuma da juyin lamba: Hausa tana cewa ashirin da biyar, goma-goma a gaba, Larabci yana cewa hamsa wa ishirun, ɗaiɗai a gaba. Shi ya sa ake yi wa yaro shiftar 25 ya rubuta 52. A lambobin Larabci kuma ٢ da ٣ suna rikita su, haka ٧ da ٨, sannan ٥ tana kama da sifirin da suke gani a waya.

Yanzu kuɗin majalisar iyaye. A ƙasar Peru an raba wa yaran karkara kwamfuta ɗaya-ɗaya, aka auna a makarantu sama da 300, bayan wata 15 babu wani ƙari a karatu ko lissafi. Ku kuma ga matsalar wuta da ƙura da gyara. Littattafan manhaja ma ba su ne maganin wannan ciwon ba. A yammacin Kenya a shekarun 1990 an raba su, sai aka ga yaran da dama suke kan gaba ne kaɗai suka ƙaru, saboda littattafan da Turanci suke, yare na uku ga yawancin yaran, kuma sun fi ƙarfinsu. Kamar da ajinki aka yi wannan binciken. A ganina kuɗin ya tafi wuri uku. Kwali da alƙalamin rubutu mai kauri da alli da ƙananan alluna, kowane yaro da nasa. Buga gajerun labarai 30 zuwa 40 da malamai za su rubuta, takarda ɗai-ɗai, daga mai jimla uku zuwa mai shafi guda, a sa su a leda don su jure hannu. Sai ɗan alawus ga mataimaka biyu ko uku, waɗanda suka gama sakandare ko malaman da gudun hijira ya kawo unguwar, domin a rage girman rukunin ƙasa. In wani abu ya saura, a sayi burodi da ful, wato dafaffen wake, ga yaran da ke zuwa da ciki wayam.

Mayar da yara aji biyu kuwa ban goyi baya ba. Maimaita aji yana nufin littafi ɗaya da salo ɗaya da suka riga suka kasa yi wa yaron amfani, ga kunya a kai, kuma bincike a ƙasashe da dama ya danganta shi da barin makaranta. Yarinya mai shekara 13 da aka mayar cikin ƙannenta, ba a daɗewa za ki ji an ce ta zauna a gida. Namijin kuma gona da kasuwa suna jiransa. Su zauna a ajinsu, awar safe ta yi aikin gyara. A sauran darussa malamai su zauna su tace manhaja, su fitar da abin da na gaba ya dogara a kansa, su karanta wa yara rubutun tarihi da kimiyya da baki don kada rashin karatu ya hana su sanin abin da ke ciki.

Abin da zai raya tsarin ko ya kashe shi yana ofishinki. Ki ɗauki rukuni ɗaya da kanki na mako biyu ko uku kafin ki fara gyara wa kowa. A Afirka ta Kudu an kwatanta malaman da aka tara a zaure aka horar da waɗanda mai ba da shawara ke ziyarta a ajinsu, sai tasirin ziyarar a kan karatun yara ya kai kimanin ninki biyu. Ziyarar minti 20 ce: ki zauna a baya, ki ƙirga yara nawa suka karanta su kaɗai, bayan an tashi ki faɗa wa malamin abu ɗaya da ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara, ba a gaban yara ba. Ki kuma je wa muwajjih, wato jami'in duba makarantu, da takardar sakamakon gwajin farko tun kafin a fara, ki nemi amincewarsa a rubuce. In ba haka ba, ranar da ya zo ya tambayi shafin da aka kai, malamai za su watsar da kati su koma littafi.

A sake gwaji duk bayan mako uku da sabuwar takarda, wanda ya haye a matsar da shi washegari. In rukunoni suka daskare wata uku ba mai motsi, an koma ajin masu ƙoƙari da ajin marasa ƙoƙari ke nan, abin da ake gudu. Jadawali ɗaya a bangon ofis ya isa: matakai biyar a tsaye, ranakun gwaji a kwance, adadin yara a ciki. A tsara zangon farko na kwana 40 zuwa 50 yadda ba zai faɗa cikin yankan riɗi ba, lokacin da manyan yara ke ɓacewa. Yaron da aka gwada sau biyu a jere bai motsa ba, a duba rajista tukuna a ga kwana nawa ya zo. In yana zuwa, a tsayar da shi a bayan aji a nuna masa harafi a allo, a kuma kira sunansa a hankali ta bayansa, domin wani matsalarsa ido ce ko kunne. In duka lafiya, a ba shi minti 10 shi kaɗai da mataimaki kullum, a koma da shi haruffa huɗun farko.